Mangaza Mai Ƙafafun Gishiri

Ga ta nan, ba daga nesa aka ɗauko ta ba. A Tudun Aduwa aka yi ta, wani ƙauye tsakanin Gangara da Tanut, mai ita kuwa yana nan da ransa.

Sunansa Mato. Gajere ne, siriri, gemunsa bai cika tafin hannu ba. Shekara talatin da suka wuce ya tafi cirani Tamanrasa, can ƙasar Larabawa, ya yi wata bakwai yana ɗaukar bokitin siminti a ka. Da ya dawo gida sai bokitin ya fita daga labarin, benen ya zauna. Shekarar farko hawa biyu ne. Kafin furfura ta gama cin kansa ya kai hawa tara, kuma Mato ne ya aza harsashinsa, shi ya kafa ƙofofinsa, Larabawa na tsaye suna miƙo masa ƙusa.

Kowa ya san yadda abin yake. Amma mu mutanen Damargu muna da wani hali: in mutum ya daɗe yana faɗin abu da ƙarfi, sai mu gaji da musu, mu ce ƙila da gaskiyarsa.

Matan garin suna da ƙungiya, Asibi matar Mato ce shugabarsu. Suna da mangaza, wato ɗakin ajiya na kwano, a bayan gari, ɗore bisa ƙafafun siminti, kamu ɗaya da rabi tsakaninta da ƙasa don gudun gara. Daɓenta katako ne da aka jera bisa azara. Duk kaka kowace mace takan kawo rabonta na gero, a ɗinke a buhu, a kulle. Ba a buɗewa sai bazara ta yi nisa, lokacin da ko ɓera ya daina leƙa rumbunan maza. Wannan geron shi ke riƙe gida arba'in har sabo ya nuna.

Bana da aka gama sussuka, Asibi ta shiga shara, ƙafarta ta burma har gwiwa. Aka kira Isma'ila kafinta daga Tanut. Ya zo, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya leƙa ƙasa.

"Inna Asibi, katakon ya mutu. Azara uku sun bi shi, biyu suna da sauran rai." Ya nuna falanki huɗu masu faɗi da ya zo da su a amalanke, irin waɗanda ake kira kwantarfilake. "Waɗannan za mu shimfiɗa. Amma kada faɗinsu ya ruɗe ki, ba su da ƙashin baya. Sai an jera musu azara biyar a ƙasa tukuna su ɗauki kaya. Ina da ƙyamaren da zan ƙarasa a Balbeji. Bayan kasuwa uku zan zo da azarar. Kafin nan kada kowa ya taɓa."

Ya tafi. Buhu sittin suka zauna a tsakar gidan Asibi. Bayan kwana biyu ta ɗaga na ƙasa, ta tarar gara ta fara ɗora gininta a jikinsa.

Mato yana kishingiɗe yana sakace.

"Kasuwa uku," ya ce. "Don falanki huɗu. A Tamanrasa tsakanin azahar da la'asar nake gama irin wannan, har in samu lokacin shayi."

"Malam, wannan ba hirar dandali ba ce. Abincin mutane ne."

"Shi ya sa na yi magana. Zauna jiran yaron nan. In ya zo ya tarar gara ta gama da geron, sai ku dafa falanki da bazara."

Asibi ta dubi buhunan, ta dubi mijinta. Shekara arba'in tana aurensa, ko ƙyauren zaure bai taɓa tsayawa daidai a hannunsa ba. Amma garar tana ci. Ta kwance makulli daga bakin zanenta, ta ajiye kan tabarma. Ba ta miƙa masa a hannu ba.

Da safe ya fito da gatari da guduma, da fensir a bayan kunne. Fensirin ba a fiƙe yake ba, amma daga nesa ba a gani. Maza suka taso daga dandali suka zauna inuwar aduwa, don aikin da ba naka ba yana da daɗin kallo.

Cikinsu har da Buba, Bafillacen da ke sauka bayan gari da shanunsa duk shekara in an kwashe amfanin gona. Dangin uwar Mato Barebari ne, don haka akwai wasa tsakaninsu. Tun suna samari ba wanda ya taɓa gaya wa ɗan'uwansa magana mai daɗi, kuma ba su taɓa rabuwa ba.

"Bawana," in ji Buba, "ka bar wasiyya kafin ka shiga?"

"Mutumin da ake ɗora gidansa kan jaki, me ya sani game da gini? Zauna ka koya."

Ya shiga. Ya taka bakin katako ɗaya, ya miƙa gatari ya ɓanɓare ɗaya bakin. Katakon ya yi abin da katako ke yi. Gefen da ba kowa ya tashi sama ya daki kwano, garam! Gefen da Mato yake ya yi ƙasa da shi. Sai ƙarar kaza. Ashe kazar Rukaiya, taubashiyarsa, tana kwanci a ƙarƙashi. Ya rarrafo waje, bayan wandonsa duk gwaiduwa.

Rukaiya ta iso. Mace ce mai jiki, in ta taka ƙasa ana ji.

"Ƙwai goma sha ɗaya, Mato! Ita kwana uku tana kai ba ta fasa ko ɗaya ba. Kai zama ɗaya ka yi."

"Dubawa nake ta ƙasa. Haka ake fara aiki."

"To koma ka ƙarasa kwancin, ko Allah zai sa ka ƙyanƙyashe hankali."

Dariyar ta yi masa zafi. Don ya rufe ta, ya hau katakai da gatari, mai rai da matacce, har azara biyun da Isma'ila ya ce suna da sauran amfani. Ya tara su bakin ƙofa, ya ɗaga murya.

"Tarkacen da! Mai so ta ɗauka, kyauta!"

A ƙasar da mace ke tafiyar rabin wuni don itacen girki, ba a faɗin wannan magana sau biyu. Kafin ya goge gumi, ko sartse bai rage ba.

Washegari maza biyu suka taya shi shigar da falankin. Bakin kowanne ya hau kan ƙarfen da ya kewaye mangazar, tsakiya kuwa sai iska. A ido gwanin sha'awa, sumul, kamar sabon allo. Mato ya cire takalmi ya taka. Taki ɗaya lafiya. Na biyu, falankin ya yi ajiyar zuciya. Na uku ya lotsa da shi kamar tabarmar da aka shimfiɗa a bakin rijiya. Butar da ya ajiye a gefe ta gangaro ta same shi a tsakiya.

"Har buta ta zo maka jaje," in ji Buba daga ƙofa.

"Laushi ke nan. Da gangan ake yi, don kada buhu ya gaji."

"Buhu yana gajiya?"

"Wanda bai fita waje ba, komi sai ya tambaya."

Ya dawo bakin ƙofa da rarrafe, ya ce yana duba santsin ne da hannu.

Sai a lokacin ya tuna da azara biyun nan. Ya bi gida-gida. Ɗaya ya same ta an faskare. Ɗayar tana murhun Rukaiya, rabinta toka, tukunyar wake na tafasa a kai.

"Itacenka yana ci da kyau," ta ce. "In da saura, kawo."

Ya ce zai tallafe da tubali. Asibi ta ce in ya gina wa gara matakala, shi da garar za su kwana waje. Ya ce dutse. A Tudun Aduwa in ka ga dutse, wani ne ya kawo shi don murhu.

Rana ta uku mata suka fita roron wake. Mato ya bi gidaje ya mirgino turmi takwas, ya kife biyu-biyu ƙarƙashin kowane falanki. Tsayin ya zo daidai kamar an auna. Ya hau ya yi tsalle, shiru. Mazan inuwar aduwa suka ce wallahi Mato akwai kai.

La'asar ta yi, lokacin da garin kan ɗauki lugude, aka ji tsit. Can sai ga mata sun tunkaro mangaza, kowace da taɓarya a kafaɗa, Rukaiya a gaba.

Mato ya tsaya tsakiyar daɓensa, ya ɗaga hannu. "Ku tsaya. Turamen nan aikin ƙungiya suke yi."

"Mu kuma mu daka a ina? A kanka?"

"Ku yi haƙuri zuwa bazara."

"Mato," in ji wani daga cikin masu yabonsa na ɗazu, "ka ce har turmin gidana yana ciki?"

"Har shi."

"A'a, to wannan ba gini ba ne, ɓarna ce."

Matan suka durƙusa, kowace ta jawo nata. Duk turmin da ya fita, Mato ya ɗan yi ƙasa. Yana bayani yana sauka, kamar rana za ta faɗi. Na Asibi ne na ƙarshe. Ta jawo shi, ta kaɗe, ta ɗora a ka, ta wuce ko kallonsa ba ta yi ba. Wannan ya fi masa ciwo da duk bakin Rukaiya.

Da gari ya waye, ayarin gishiri ya sauka bakin rijiya. Duk shekara haka ne: Abzinawa su zo da gishirin Bilma, su koma da geron Damargu. Mato ya je don ya huce. Ya tarar an sauke kantun gishiri an jera su tsaye bisa rairayi, kansu ɗaya, tauri kamar dutse. Ya tsaya. Ya auna ɗaya da hannu, kamu ɗaya da rabi. Ya ƙwanƙwasa. Ya zauna a kai.

Gara ba ta cin gishiri. Mace ba ta daka a ciki. Ba a hura wuta da shi.

Ya koma gida da sauri, ya ɗoro geron rumbunsa a jaki, ya zo gaban Agali, madugun ayarin.

"Takwas nake so."

"Shanunka nawa?"

"Jaki ɗaya gare ni."

Agali ya dubi jakin, ya gyara amawali. "Allah ya ba shi lafiya."

"Gini zan yi. Kai da ka san Bilma, gaya wa mutanen nan. Ba da gishiri ake gina ɗaki a can ba?"

"Ana yi."

"Kun ji!"

Agali ya ɗaga yatsa zai ƙara wani abu, amma Mato ya riga ya juya yana neman mai taya shi ɗauka.

Kafin azahar kantu takwas sun tsaya inda turame suka tsaya. Gaskiya daɓen ya zauna daram. Mato ya taka, ya yi tsalle, ya yi rawar da rabonsa da ita tun yana saurayi. Aka kira Rukaiya ta gwada. Ta yi tafiya daga ƙofa zuwa ƙurya ta dawo, ko ƙis bai yi ba.

"To," ta ce. Daga bakinta wannan kirari ne.

Garin ya ɗauka. Waɗanda suka yi dariya shekaranjiya suka ce su tun farko sun san akwai abin da yake nufi. Wani ya ce ya kamata a kai labarin Tanut. Wani ya ce har Damagaram. Wannan kuwa gari ne da babu gidan da ba akuya, babu magidancin da bai taɓa fasa kantu ya ajiye wa dabbarsa ba, ya tsaya yana kallon yadda take bin sa kamar za ta haɗiye harshenta. Duk cikinmu ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Sai Buba. Ya tsuguna ya leƙa, ya daɗe, ya tashi ba dariya a fuskarsa.

"Bawana, yau da gaske nake. Ka kafa wa dabbobi walima a tsakiyar hanyarsu ta rijiya. Fitar da abin nan."

"Kun ji hassada? Yana so in fitar in ba shanunsa."

"Wallahi ba wasa ba."

"In Bafillace ya ce ba wasa ba, to wasan ya kai tsakiya."

Aka kwashe da dariya. Abin da ke ga abokin wasa ke nan: ranar da ya faɗi gaskiya, ba mai rarrabewa.

Asibi ta sa aka kwaso buhunan. Aka jera su jikin bango biyu, aka bar hanya a tsakiya. Saura ranar kulle. Al'adar ƙungiyar ce, in kowace ta gama kawo rabonta, a taru, a yi dambu, kowace ta shiga ta ga buhunta da idonta, sannan a datse kwaɗo gaban kowa. Aka sa mako biyu.

Kwana huɗu, mata suka fara ƙorafi a bakin rijiya. Awakin gari sun zama masu ƙishi. Wadda guga ɗaya ke isarta, yanzu sai uku. Kuma da rana tsaka in ka nemi akuya a gari babu, sai yamma su dawo suna lasar baki, gashinsu na ƙyalli. Mato ya ce albarkar kaka ce.

Rana ta shida ya nemi jakinsa ya rasa. Ya same shi bayan mangaza, ya durƙusa kamar raƙumi, kansa ya shige ƙarƙashi, wutsiya na kaɗawa. Mato ya ja shi, ya kwanta ya leƙa.

Akuya ta fi goma sha biyar. Ba mai kuka, ba mai faɗa. Ba abin da kake ji sai harsuna. Kantun nan da suka shiga kamar turame, kowanne ya yi ƙugu kamar kalangu.

Ya waiga. Ba kowa. Ya kore su, ya kaɗe riga, ya koma dandali, ya ba da labarin hawa na tara.

Daga ranar barci ya ƙaurace wa ƙailularsa. Ya saro ƙayar aduwa ya kewaye wurin. Awaki suka cinye ganyen, suka tsallake sauran. Ya ɗauko tabarma da sanda ya tare gindin mangaza, ya ce iskar wurin ta fi ta dandali. Yana tashi salla, suna shiga. Yana korar na gabas, na yamma sun shige. Ya sato barkonon Asibi ya barbaɗa. Shi ya yi ta atishawa a ƙarƙashi har kansa ya daki falanki sau uku. Awakin kuwa kamar an sa musu yaji a nama.

"Malam, ina barkonona?"

"Ɓera."

"Ɓeran da idonsa ya yi ja kamar naka?"

Ana jibi kulle wata dabara ta zo masa. Yaɓe. In ya rufe kantun da laka, ba akuyar da za ta ji ƙanshinsa. Ya kwaɓa ƙasa da ruwa, sharaf, ya lafta wa kowanne daga sama har ƙasa. Ya fito yana jin daɗin kansa. Gishiri da ruwa kuwa, ko jaririya ta san abin da ke tsakaninsu.

Ranar kulle, tun hantsi tukwanen dambu ke kan wuta a gidan Asibi. Mato ya zagaya baya, ya cire takalmi, ya rarrafa don ya duba. Ya isa ga kantu biyun da ke tallafe da falankin tsakiya, inda kowa zai taka. Ya dafa ɗaya. Ya karye a hannunsa kamar ƙuli-ƙuli. Ɗayan ƙugunsa bai fi wuyan kaza ba.

Sai ya ji guɗa.

Ba lokacin tunani. Ya kafa gwiwa da tafin hannu cikin lakar gishiri, ya ɗaga baya, ya tallafi falankin.

Kwaɗo ya buɗu. Ƙafafu suka fara hawa. Kowace ta taka, Mato ya ji ta a ƙashin bayansa. Ya san wasu da nauyinsu. Ya ji muryar Asibi daidai saman kansa.

"Ku shigo a hankali, kowace ta duba nata." Ta gwada daɓen da ƙafa. "Gaskiya a faɗe ta. Malam wannan karon ya fitar da ni kunya."

Shekara arba'in yana jiran wannan magana. Ta zo ta same shi da rarrafe, hanci a laka.

Wani ya tsuguna ta baya, inda ƙafafun Mato suka leƙo waje.

"Salamu alaikum, masu gida." Buba ne. "A'a. Wannan kantun yana da gemu."

"Rufa mini asiri," Mato ya ce ta tsakanin haƙora. "Nemo gungume. Ko turmi. Ko me."

"Turamen duk suna gidan dambu. Ga kuma baƙinka sun iso."

Awaki ne. Sun saba da lokacinsu. Ta farko ta shigo, ta shinshina inda kantu yake, ta tarar babu. Ta juyo ga abin da ya fi kusa da ɗanɗanon gishiri. Ta fara da wuyansa. Ta biyu ta kama kunne.

"Kore su, Buba. Don Allah."

"Zan kore. Ka ce Buba ya faɗi gaskiya."

"Me?"

"Kalma huɗu. Ba mai ji sai ni da awaki."

Gumi na zuba daga gemun Mato. A sama Rukaiya ta shigo, falankin ya yi nishi, shi ma ya yi. Kalma huɗu ne kawai, da gero buhu sittin a kansa. Ya buɗe baki.

"Ko a lahira," ya ce.

Buba ya yi tsaki, ya ɗaga sanda duk da haka. Amma wata jar akuya ta riga ta zagayo ta bayansa, ta sa harshe a tafin ƙafar Mato.

Akwai mai jure yunwa, akwai mai jure bulala. Harshen akuya a tafin ƙafa, ba a haifi mai jure shi ba. Mato ya cije leɓe. Ya rufe ido. Dariyar ta fito ta hanci tukuna, sannan ta ƙwace gaba ɗaya.

A sama mata suka tsaya cik.

"Kun ji? Daɓen yana dariya."

"A'uzubillahi!"

"Yana motsi kuma!"

Rukaiya ba ta tsoron komi. Ta ce bari ta ga mai dariyar, ta ɗaga ƙafa ta buga da ƙarfi.

Mato ya baje. Falankin ya biyo shi, ƙarararas, ya rabe biyu. Na kusa da shi suka ga babba ya tafi, sauran kantun suka karye ɗaya bayan ɗaya. Buhunan bango biyu suka sunkuyo suka haɗu a tsakiya. Mata suka zame cikin ramin, wata kan wata, ana salati, ana kiran sunan uwa. Awaki suka fashe ta kowace kusurwa, ɗaya da hular Mato a baki. Buhu biyar suka yage, gero ya kwararo kamar ruwan indararo, kajin gari kuwa kamar an yi musu shela.

Da ƙura ta lafa aka ƙirga mata, kowace na nan, ba wadda ta karye. Sai ga wani abu yana motsi cikin tarin gero, tsakanin ɓarin falanki biyu. Kai ne ya fito, da gemu, laka har gira. Yana fuskantar Asibi, wadda ke zaune dirshan, ɗankwali a wuya.

Suka dubi juna.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yawwa," in ji Mato. "Kin ce na fitar da ke kunya. Na ji."

"Na mayar da maganata."

Daidai nan amalanken Isma'ila ya tsaya bakin ƙofa da azara biyar. Ya sauko, ya dubi ciki, ya dubi jama'ar da ta cika wurin har da masu dambu da ludayi a hannu. Ya tsuguna ya ɗauki wani farin gutsure daga ƙasa, ya juya shi, ya ɗan lasa.

"Baba Mato, da wannan ka tallafe?"

"Gara ba ta taɓa shi ba," in ji kan da ke cikin gero. "Duba ka gani. Ko ɗaya."

"Wannan gaskiya ne," in ji Isma'ila, don yaro ne mai ladabi. Ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Mazan inuwar aduwa suka ce su dama tun farko abin bai kwanta musu ba.

Aka jawo Mato ta hammata. Mata suka kori kaji, suka kwashe geron da ya zube da ƙorai, suka sheƙe, suka bakace. Rairayi ya fita, amma garin gishiri da laka sun riga sun shige shi. Rukaiya ta tauna ƙwaya uku ta tofar.

"Wannan ba mai ba 'ya'yanta shi da bazara."

Buhu biyar abincin gida uku ne ko huɗu a lokacin da ba a samu. Kowa ya dubi Asibi, don a hannunta aka ba da amana.

Ta ɗaura ɗankwalinta. "Ku ɗauki buhu biyar wofi, ku bi ni rumbun Malam. A cika su da mai kyau. Wannan kuma a kai gidanmu."

"Asibi, rumbun nan na riga na taɓa shi wajen kantu," in ji Mato.

"Na sani. Abin da ya rage zai cika biyar. Na leƙa."

Isma'ila ya jera azararsa tsakanin hantsi da azahar, ya yanke inda ya karye, ya haɗa, ya buga. Mato ne ke riƙe masa gwangwanin ƙusa. Kafin la'asar buhu sittin sun koma wurinsu, kowace mace ta ga nata, aka datse kwaɗo. Asibi ta ɗaure makullin a bakin zanenta, ƙulli uku.

Bayan kwana biyu Buba ya biyo ta zauren Mato, ya tarar da shi da ƙwaryar fura a gaba, da tulun ruwa a gefe. Asibi ta wanke geron sau uku, amma abin da ya shiga ya shiga. Mato ya miƙa masa ludayi. Buba ya kurɓa, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka.

"Wannan za ka sha har damina?"

"Har damina. Tuwon ma haka. Asibi ta daina sa gishiri a miya, ta ce tuwon zai raba mata."

"Ba ni ita in kai wa saniyata. Ita za ta gode."

Mato ya janye ƙwaryar zuwa gabansa.

"Bar ta. Ni na ɗauko shi, ni na kafa shi, ni na kwanta ƙarƙashinsa. Saniyarka me ta yi da za ta sha ladana?"

Ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu ya shanye tas, har gari-garin ƙasa. Ya ajiye. Idonsa ya kawo ruwa.

"Miƙo tulun nan," ya ce.